Tambaya da Amsa: Kyamara a Wurin da Aka Zubar da Jini

Wasiƙun wannan watan da dama sun taru a kan fim ɗin Nightcrawler na 2014, wanda Dan Gilroy ya rubuta ya kuma ba da umarni, da kuma sana'ar da fim ɗin ya ginu a kai, wato ɗaukar hoton haɗari da kisa cikin dare. Wanda bai kalla ba ya sani cewa amsoshin za su fallasa masa wasu sassan labarin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kalli fim ɗin nan da Jake Gyllenhaal ya fito a matsayin Lou Bloom, yana yawo da kyamara a Los Angeles yana sayar wa gidan talabijin hotunan gawarwaki. Shin da gaske akwai masu wannan sana'ar, ko marubuci ne ya ƙirƙira? Daga wani mai shagon tura fina-finai, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sana'ar gaskiya ce, ta ma girmi talabijin. Wanda ya fi shahara da ita shi ne Arthur Fellig, da aka fi sani da Weegee, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1968 yana aiki a New York. A 1938 ya sami izinin ajiye rediyon 'yan sanda a motarsa, ya mai da but ɗin motar wurin aiki, saboda haka sau da yawa yakan isa wurin kisa tare da 'yan sanda ko ma ya riga su. Kyamararsa Speed Graphic ce, babba, mai ƙwan filasha da ake sauyawa bayan kowane hoto. Yakan saita ta tun kafin ya fito, buɗewar ido (ƙofar da haske ke shiga kyamara) f/16, saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa, nisa ƙafa 10, don kada ya tsaya lissafi a cikin duhu. Littafin hotunansa na 1945, Naked City, shi ne ya fara sa wa Gilroy tunanin wannan labari.

Yadda aikin yake a zamanin bidiyo ba shi da wuyar fahimta. Gidajen talabijin na birni ba sa son biyan ma'aikata su kwana a titi, amma suna buƙatar hotuna don labaran asuba. Sai masu zaman kansu su cike gurbin. Kayan aikinsu mota ce mai gudu, da na'urar sauraren oba-oban 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, da kyamara mai fitila a ka, da kwamfutar tura bidiyo. Dole mutum ya haddace lambobin da 'yan sanda ke magana da su, ya san wace lamba ce gobara, wace ce harbi, ya kuma san hanyoyin gari kamar tafin hannunsa. Wanda ya fara isa shi ke da ciniki. Na uku ko na huɗu sai dai ya yi asarar mansa. Yanzu sana'ar na fuskantar matsi ta fuska biyu: rundunoni da yawa a Amurka sun fara kulle oba-obansu yadda na waje ba zai ji ba, rundunar New York ta fara hakan a 2023, sannan kowane mai wucewa yana da waya a aljihu kuma kyauta yake watsa abin da ya ɗauka.

Abin da fim ɗin ya kama daidai shi ne farashi. Bidiyon farko da Lou ya kai wa Nina, shugabar sashen labarai da Rene Russo ta fito a matsayinta, dala 250 ta biya. Na gidan da aka kashe mutum uku a unguwar Granada Hills kuwa dala 15,000 ya karɓa, alhali yaron da ke nuna masa hanya, Rick, a dala 30 ya ɗauke shi kowane dare. Abin da ya ɗaga kuɗin shi ne unguwar masu hali ce, kuma Nina ta faɗa masa tun farko irin labarin da take so: laifin da ya taso daga unguwar talakawa ya faɗa wa masu kuɗi. Da aka gano cewa kisan na da alaƙa da miyagun ƙwayoyi, sai ta ƙi saka wannan bayanin, domin zai rage tsoron da take sayarwa. Masanin sadarwa George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania ya daɗe da nuna cewa masu yawan kallon tashin hankali a talabijin suna ɗaukar duniya ta fi yadda take haɗari. Nina kasuwancinta ke nan.

Inda fim ɗin ya wuce gona da iri, da gangan, shi ne ayyukan Lou: jan gawa zuwa gaban fitilar mota don hoto ya yi kyau, shiga gidan da aka yi kisa kafin 'yan sanda, ɓoye bidiyon makasan. Waɗannan laifuka ne da za su kai mutum kurkuku, kuma kada a shafa wa duk masu sana'ar wannan baƙin fenti.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce mai karanta ilimin binciken laifuka. Mene ne bambancin hoton da irin su Lou ke ɗauka da wanda mai hoton 'yan sanda ke ɗauka? Ina son bayani mataki-mataki. Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bambancin yana cikin wanda za a nuna wa hoton. Na talabijin yana neman hoto ɗaya da zai girgiza mai kallo. Na bincike yana neman ɗaruruwan hotuna da alƙalin da bai taɓa zuwa wurin ba zai duba bayan shekara biyu ya gane me ke ina, kuma nawa ne tazarar da ke tsakaninsu. Tun zamanin Alphonse Bertillon, ma'aikacin 'yan sanda a birnin Paris, wanda ya riƙa ɗora kyamara a kan doguwar ƙafa tana kallon gawa daga sama tare da ma'auni, manufar ke nan.

Ka'idar farko: ba a taɓa komai sai an ɗauka. Ceton rai ne kawai ke gaba da wannan. Idan ma'aikatan asibiti sun kawar da kujera ko sun juya mutum, ba a mai da abin inda yake don a yi hoto. A ɗauke shi yadda aka same shi, a rubuta cewa wane ya ce an matsar da shi. Wanda ya mai da abu da hannunsa ya ƙirƙiri wurin ne, kuma lauyan wanda ake tuhuma zai rushe dukan hotunan da wannan kuskure ɗaya.

Ana ɗauka ne hawa uku. Na farko hoton gaba ɗaya: titin, allon sunan layi ko wata alama da ba ta gushewa, ƙofar gida, duk hanyoyin shiga da fita. A cikin ɗaki a tsaya a kusurwoyi huɗu a ɗauka daga kowace, a tsayin idon mutum, kowane hoto ya haɗa da wani yanki na wanda ya gabace shi don kada a bar giɓi. Hawa na biyu shi ne matsakaici, wanda ke nuna abu tare da wani abin da ba ya motsi, misali kwanson harsashi da ƙafar gado ko bakin ƙofa. Wannan hawan ne masu koyo suka fi tsallakewa, sai a wayi gari da kyakkyawan hoton kwanso ba wanda ya san a wane ɗaki yake. Na uku shi ne na kusa, abin ya cika hoton. Shi kuma sau biyu ake yin sa: da farko ba ma'auni, sannan da ma'auni a gefe. Dalili shi ne kada a ce rular ta rufe wata shaida.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi rula ce mai siffar L da ake kira ABFO lamba 2, tana da da'irori a jikinta. Amfanin da'irorin shi ne idan kyamara ta karkace za su fito kamar ƙwai, nan take a san hoton bai yi ba. Bayan kyamara dole ya yi daidai da shimfiɗar abin da ake ɗauka, ita kuma rular ta zauna a tsayi ɗaya da abin. Sawun takalmi da ya nutse cikin laka, idan aka ɗora rula a saman ƙasa, awon zai yi ƙarya, domin rular ta fi gindin sawun kusa da kyamara. Sai a haƙa ɗan rami a gefe, nesa kaɗan da sawun, a saukar da ita.

Gilashin kyamara ma yana yin ƙarya. Mai faɗi, irin 18mm, yana nisanta abubuwa, ɗaki ƙarami ya zama kamar zaure. Mai jawowa yana matse tazara. Don nuna abin da mai shaida ya ce ya gani daga inda yake tsaye, a yi amfani da wanda ya yi kusa da ganin ido, wato 50mm a kyamara mai cikakken firam (mai babbar na'urar kama hoto, daidai girman fim na 35mm). A tsuke ido zuwa f/8 ko f/11 don gaba da baya su fito tar, a bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ƙasa, 100 ko 200, a ɗora kyamara a kan ƙafa uku. A fim ana son bayan mutum ya dushe. A bincike dusashewar nan asarar shaida ce.

Haske shi ne inda aka fi faɗuwa. Filashar da ke kan kyamara tana bugun abu kai tsaye, ta shafe zanen sawu, ta kuma yi ƙyalli a kan jini ko tayil. A cire ta, a riƙe ta a gefe ƙasa-ƙasa, kamar mita ɗaya daga sawun, hasken ya shafi ƙasa a kwance don inuwa ta fito da zanen. A maimaita daga ɓangarori uku ko huɗu ba tare da an motsa kyamara ba, saboda kowane ɓangare da abin da yake tonowa. Sai an gama wannan ake zuba garin ɗaukar siffa, tunda zubawar na lalata sawun. A fili mai faɗi da dare kuwa filasha ɗaya ba ta isa: in nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa gaba ke yin fari fat baya ya yi baƙi ƙirin. Maganinsa a bar kyamara a buɗe a kan ƙafarta, mutum ɗaya ya zagaya yana kunna filasha wuri-wuri, yana juya ta nesa da kyamara, wani kuma yana rufe gilashin da baƙin kwali tsakanin kowace kunnawa. Haka ma idan an fesa sinadarin luminol don neman jinin da aka goge: shuɗin haskensa kamar daƙiƙa 30 yake yi, saboda haka a saita komai kafin a kashe fitila. A tuna kuma bilic ma yana sa shi haske, don haka hoton ba ya tabbatar da jini sai ɗakin gwaji ya tabbatar.

Na ƙarshe, wanda ba ya burge kowa amma shi ke riƙe da shari'a: rajista. Kowane hoto da lambarsa, lokaci, inda aka tsaya, da abin da ya nuna. A duba agogon kyamara kafin a fara. Hoton da ya lalace ba a goge shi, domin lambobi za su yi tsalle daga 46 zuwa 48, a kotu kuma a tambaye ki ina na 47 kuma me ya nuna. A kwafe ainihin fayilolin a adana, duk wani ƙarin haske ko yanka a yi shi a kan kwafi, a rubuta abin da aka yi.

TAMBAYA: Me ya sa ake kiran fim ɗin Nightcrawler mai taɓa ƙwaƙwalwa alhali ba aljani ba fatalwa? Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

AMSA: Malam, saboda fargabar daga cikin kan jarumin take fitowa. Gilroy bai ba Lou tarihi ba, ba uwa ba uba, ba wani rauni na yarinta da za a jingina halinsa da shi. Gyllenhaal ya rame sosai don rawar, ya ce ya ɗauki Lou kamar wata dabba dangin dila da ke saukowa gari da dare da yunwa. Ka lura da yadda ba ya yawan ƙifta ido, da yadda yake magana da kalmomin koyon kasuwanci da ya haddace a intanet ko da mutum na mutuwa a gabansa. Sai kiɗan James Newton Howard: lokacin da Lou ke jan gawa, kiɗan nasara ake sa wa, irin wanda shi Lou ke ji a ransa. Mai kallo sai ya tsinci kansa yana fatan hoton ya yi kyau, daga baya ya ji kunyar kansa. Kuma ba a hukunta shi a ƙarshe, har ƙarin motoci da ma'aikata ya samu.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe, ina shirin fim mai fitowar dare a titi, da harbi da jini, kuma kuɗina kaɗan ne. Wace shawara za ku ba ni? Daga wani matashin darakta, Kaduna.

AMSA: Allah ya taimaka, darakta. Shi ma Nightcrawler a ma'aunin Amurka mai araha ne, dala miliyan 8.5, aka ɗauke shi cikin kimanin mako huɗu. Mai kyamararsa, Robert Elswit, ya ɗauki fitowar rana da fim na 35mm, na dare kuma da kyamarar dijital Arri Alexa, ya dogara sosai da hasken da ke titi. Darasin shi ne zaɓen lokeshan ya fi yawan fitilu. Ka je wurin da dare a daidai lokacin da za ka yi aiki, ka nemi inda akwai gidan mai, shaguna, ko mai shayi da fitilarsa a bayan 'yan wasa. Hasken da ke fitowa daga baya ko gefe shi ke ba da dare. Wanda aka haska daga gaba yana mai da fuska kamar hoton fasfo. Ga fatar da ta yi duhu, fitila mai faɗi da aka tausasa da farin yadi ta fi ƙarama mai ƙarfi, kuma ɗan maiƙo a fuska yana kama haske. Ka yayyafa wa kwalta ruwa kafin ɗauka, hasken zai ninku a ƙasa.

Matsalar da za ta fi ba ka ciwon kai ita ce rawar haske. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, wato tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ka ɗauka a firam 25 cikin daƙiƙa, sauri 1/50. Wayoyi da kyamarori da yawa suna zuwa a saite kan 30, wanda ya dace da wutar Amurka, sai ka ga layuka na yawo a hoto. Ƙaramin janareta kuma ba ya tsayawa a 50 daidai, yana hawa yana sauka, don haka ko ka saita daidai rawar na iya dawowa. Fitilun batir sun fi aminci, ga shi ba su da ƙarar da za ta ɓata sauti. Kada ka bar kyamara ta zaɓi launin haske da kanta, domin fitilar sola fara ce mai shuɗi-shuɗi, ƙwan shago kuma ja-ja, launi zai riƙa sauyawa a tsakiyar fitowa. Ka tsayar da shi da hannu, ka fara gwadawa daga 4300K a ma'aunin launin haske na kyamarar. Idan ka buɗe ido zuwa f/2 don samun haske, ka sani ɗan wasa na matsawa taku ɗaya zai dushe, sai ka yi masa alama a ƙasa.

Jini: dafa kofi 2 na sukari da kofi 1 na ruwa har ya yi kauri, a bari ya huce. A zuba babban cokali 1 na jar kalar abinci irin ta masu kek, ɗigo 2 ko 3 na shuɗiya, ƙaramin cokali 1 na garin kofi don ya yi duhu, da babban cokali 1 na sitacin masara da aka dama da ruwa kaɗan don kada haske ya ratsa shi. Ja zalla a kyamara kamar jan-baki yake fitowa. Zoɓo kuma ya cika ruwa, launinsa na karkata zuwa shunayya. Ka yi kashi biyu: mai haske na sabon rauni, mai ruwan ƙasa na wanda ya yi sa'o'i, tunda jini na duhu in ya bushe. Ka gwada a ƙarƙashin fitilar da za ka yi aiki da ita, ka tanadi riga iri ɗaya guda uku don maimaici, ka kuma shirya wa tururuwa da ƙudaje.

Bindiga kuwa, kada ta gaske ta shigo lokeshan ko da an ce ba harsashi. Ɗan wasa Brandon Lee a 1993 da mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a 2021 duk a wurin ɗaukar fim bindiga ta kashe su, a Amurka, ƙasar da ke da ƙwararrun masu kula da makamai. Ta roba ko ta katako ta isa, walƙiya da ƙara a saka su wurin editin. Ka rubuta wa DPO na yankin takarda, ka gaida mai unguwa, ka sa mutum biyu a bakin layi suna shaida wa masu wucewa fim ake yi. Mutum riƙe da bindiga da dare a unguwa, ga wani kwance cikin jini, jama'a ba za su tsaya tambaya ba.

TAMBAYA: Idan na tarar da haɗari ko an harbi wani, na ɗauka da wayata, kotu za ta karɓa? Kuma laifi ne in tura a guruf? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Gombe.

AMSA: Malama, ke kin fi mu sanin cewa mai zubar da jini hannu yake buƙata kafin kyamara. A kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra idan a kan hanya ne. Tsoron da ke hana mutane taimako, wai asibiti sai da takardar 'yan sanda, dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta kawar da shi: ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ko ba takardar, ta kuma hana a wahalar da wanda ya kawo shi.

Turawa a guruf kuwa muna roƙon a daina. Akwai iyayen da a WhatsApp suke fara ganin gawar ɗansu, tsirara, kafin kowa ya zo musu da gaisuwa. Mamaci yana da alfarmar sutura. Ban da haka, bidiyon da ya yaɗu yana sanar da mai laifi wanda ya gan shi, yana kuma gurɓata masu shaida, domin sai su fara faɗin abin da suka gani a waya a matsayin abin da suka gani da ido.

Kotu na iya karɓa, amma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya sa sharuɗɗa ga duk abin da ya fito daga na'ura, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da hoton, da tabbacin tana aiki daidai a lokacin. Don haka ki bar ainihin fayil ɗin a wayar da ta ɗauka, kada ki yanke, kada ki sa masa rubutu ko kiɗa. Ki rubuta rana da lokaci da inda kika tsaya tun kina tunawa. Idan mai bincike ya nema, a kwafa ta kebul, ko ki tura a matsayin dokumen, domin turawar hoto ta yau da kullum a WhatsApp tana matse shi, tana kuma goge bayanan lokaci da na waya da ke ɓoye a cikinsa. Ki nemi ya rubuta miki sunansa da lambar aikinsa da ranar da ya karɓa.